Neman Baba Illa a Mutacciyar Masaƙa

Gari bai gama wayewa ba muka bar Wusasa, ni da kawuna, a tsohuwar motarsa wadda sai an haɗa da addu'a take tashi. Kano muka nufa, garin da na ɗauka ba zan sake taka shi ba.

A da ina aiki a wata masaƙa a Sharaɗa. Ranar da tashin hankali ya ɓarke, maigadinmu, wani dattijo mutumin Nijar da muke kira Baba Illa, ya tura ni ɗakin rini ya rufe, ya zauna a bakin ƙofa da carbinsa. Ina jin sa yana gaya wa masu neman mu babu kowa a ciki. Da sojoji suka kwashe mu, ban sami ko yi masa sallama ba. Tun daga nan, ko ƙofar ƙarfe aka buga kusa da ni sai jikina ya ɗauki rawa. Kwanan baya wani tsohon abokin aiki ya zo biki, ya ce masaƙar ta daɗe a rufe, kuma an daina ganin tsohon. Na kai maganar wurin fastonmu, ya yi mini addu'a, ya ce in je.

Damina ta zauna, gonakin shinkafa a Kura sun yi kore shar. Mun sayi gasasshiyar masara a hanya, da tsadar da ta sa kawu ya tambayi mai gashin ko da jirgi aka kawo ta. A Na'ibawa muka karya da waina, ni dai turawa kawai nake yi.

Bompai muka fara zuwa, domin can masu masaƙar suke da sito. Tireloli sun cushe hanya, 'yan acaɓa da A Daidaita Sahu suna kutsawa ta ko'ina. Amma da muka karya kwana sai hayaniyar ta yanke. Manyan ƙofofi a garƙame da kwaɗuna, ciyawa ta fito a gindinsu, bututun hayaƙi tsaye ba hayaƙi. Wani magatakarda da muka tarar yana gyangyaɗi ya ce shi dai a saninsa tsohon yana Sharaɗa, ba wanda ya sallame shi, ba kuma wanda ya tuna da shi.

Muna isa Sharaɗa hadari ya haɗo, gari ya yi duhu da rana tsaka. Na gane ƙofar tun daga nesa, fentinta ya ɓare, an ɗaure ta da sarƙa. Layin da a da ma'aikata ke cika shi lokacin canjin aiki, yanzu mai shayi ɗaya ne a cikinsa, shi ma yana harhaɗa kayansa. Ya ce ya zaci tsohon ya koma gida. Sai ya rage murya ya ce tun makon jiya ake jin bugun ƙarfe daga ciki, alhali an yanke wuta tuntuni. Mutanen unguwa sun ce mutanen ɓoye ne suka tare, shi ya sa ko 'yan jari-bola sun daina raɓar wurin.

Yana rufe baki muka ji. Ƙwan. Shiru. Ƙwan.

Akwai wata ɓaraka a katanga. Kawu ya gwada, tumbinsa ya hana. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Ɗana, in ba za ka iya ba, mu koma. Ba wanda zai ga laifinka.”

Na ce, “Kawu, ku dai yi ta addu'a.”

Na kutsa. Zauren saƙa yana nan yadda na san shi, sai dai injinan a jere an lulluɓe su da farin yadi, kamar gawarwakin da ke jiran jana'iza. Iskar hadari tana shigowa ta fasassun tagogi tana ɗaga gefen yadin. Zare ya yi baƙi yana reto daga rufi, yana shafar fuskata. Warin ruɓaɓɓen auduga da kashin jemage ya cika ko'ina. Bugun kuwa daga ƙarshen zauren yake fitowa, daga ɗakin rini.

A tsakiyar zauren na tsaya cak. Muryoyin ranar nan suka dawo mini cikin kunne, har ina jin kamar ana tafe a bayana. Na durƙusa a kan simintin, bakina ya kasa haɗa doguwar addu'a. Abin da ya fito kawai shi ne, “Yesu, Kai ka san wurin nan, ka shige gaba.” Na maimaita har numfashina ya daidaita. Tsoron bai tafi ba, amma na iya miƙewa. Na kama wata waƙar sujada da mahaifiyata ke yi in tana daka, ina takawa.

Na tura ƙofar. Baba Illa ne kwance a gindin tukunyar rini, ya rame har na kusa kasa gane shi, hannunsa riƙe da butar ƙarfe yana buga bututu. Ashe ɗakin gadinsa ne ya yi yoyo, shi ya sa ya dawo ciki, ya zame ya karye a ƙugu. Ruwan da ke ɗiga daga rufi da guntun ƙuli-ƙuli ne suka riƙe shi.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, “Kai ne yaron ɗakin rini?”

Na ce, “Ni ne, Baba.”

Ya ce, “Na roƙi Allah ya turo mutum. Ashe kai zai turo.”

Makullin sarƙar yana wuyansa. Na buɗe ƙofa, mai shayi ya shigo yana salati, kunya ta hana shi ɗaga kai. Mu uku muka ɗauko tsohon a kan wani ƙyaure, ruwa na zuba, muka kai shi asibiti.

Daga nan muka wuce Challawa neman ɗan ƙanen tsohon, wanda ya gaya mana yana aiki a majema. Tun kafin ka ga masana'antun hancinka zai gaya maka ka iso, kuma ruwan kwata a can shuɗi ne yau, gobe ja. Kawu ya toshe hanci har muka samo saurayin. Da ya ji labari ya bar aikin ya biyo mu, ko takalmin roba bai cire ba.

Washegari muka kamo hanyar gida, bayan likita ya ce tsohon zai tashi, ko da da sanda ne. Mun tarar da mahaifiyata a ƙofar gida, ashe azumi take yi tun fitarmu. Abin da na koyo shi ne, na daɗe ina roƙon Ubangiji ya cire mini tsoro kafin in motsa, shi kuwa so yake in motsa da tsoron nawa, yana tare da ni. Da na jira sai ranar da gabana ya daina faɗuwa, da bugun nan ya yi shiru, mutanen unguwa su ce aljanun sun tashi.