Shuwaka a Kan Marmara

Shekarar da aka datse gulbi a Bakolori ina da shekara goma a gidan miji, da 'ya'ya mata biyu, da cikin wata huɗu. Ƙauyenmu yana ƙasar Maradun, a bakin fadama, kuma yana cikin waɗanda aka ce ruwa zai cinye. An daɗe ana faɗa muna ji kamar tatsuniya, har ranar da manyan motoci suka tsaya a ƙofar masallaci aka ce kowa ya fito da kayansa.

A bayan ɗakina, inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa, akwai shuwaka. Innata ce ta dasa ta da hannunta a makon da aka kawo ni, daga tata ta yanko. In mace ta haihu, da ganyenta ake yi mata miya da kunu don nono ya kawo, ciki ya wanke. In zazzaɓi ya kama mutum sai a murza ganyen a ba shi ruwan farko, mai ɗacin nan da ke sa ido ya kawo hawaye. Maza kuwa in sun wuce sai su karyi reshe su yi asuwaki. Duk haihuwata biyu ita na sha. Inna ta rasu shekara biyu kafin tashinmu, a lokacin shuwakar ta fi tsawon mutum.

Ranar tashi na yanki sanduna bakwai daga shuwakar na ɗaure. Yayan mijina, wanda shi ne babba a gidan, muna ce masa Yaya, shi ke tsaye a kan lodin kaya. Da ya ga ɗaurin sai ya ce motar ko hatsi ba ta gama ɗauka ba balle ƙirare, ya ture shi gefe da ƙafa. Da ya juya sai na naɗe sandunan cikin tabarma na miƙa, aka ɗora.

Inda aka sauke mu tudu ne. In ka kai fartanya ƙasa sai ta yi ƙara ta dawo maka, don tsakuwa ce a sama, marmara a ƙasa. Kwana uku sandunan suka yi cikin tabarma kafin in samu kaina, ga shi tsakiyar bazara. Na tona 'yan ramuka da wuƙa na soka su a tsaye, ina zuba musu ruwa safe da yamma. Biyu sun fitar da ido kamar za su yi. Kafin mako uku duk sun bushe, da na zaro ɗaya na tarar gara ta cinye cikinta, sai ɓawo. Matar Yaya ta ce in haƙura, ai ana sayar da busasshen ganye a kasuwar Talata. Na san ana sayarwa. Amma ba ganye kaɗai nake nema ba, kuma ban iya yi mata bayani ba.

Da damina ta faɗi sai labari ya riƙa zuwa kullum. Yau ruwa ya ci fadama, gobe ya kai maƙabarta, jibi ya shiga unguwar maƙera. Aka yi shela kada kowa ya sake komawa tsohon gari. Yaya ma ya tara mu ya maimaita. Ni kuwa ina lissafi a raina, gidanmu yana ɗan sama da na maƙera, in na ƙara mako guda shi ke nan.

Wata safiya, cikina yana wata bakwai, na jira maza suka fita, na bar yara wurin matar Yaya na ce zan je itace. Na ɗauki lauje da tsohon zane. Tafiyar ba ta da wuyar ganewa, don hanyar da muka bi ce a mota. Da hantsi ya yi sosai sai hanyar ta ƙare, ta shige cikin ruwa kamar ba a taɓa binta ba. Daga nan ina hango kan kukar bakin kasuwa da wasu rufin ɗakuna suna yawo.

Wani dattijo masunci yana gyara koma a gefen jirginsa. Muka gaisa, ya tambayi gida da gajiya da ruwa, na tambayi aiki. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya dubi cikina ya dubi laujen, ya ce ba zai kai ni ba.

Na ce, “Baba, in ba ka kai ni ba da ƙafa zan shiga. Na san inda kowane rami yake.”

Ya ce, “Ramun da kika sani ba su ne a ciki yanzu ba, ɗiyata.”

Na tattare zane na sa ƙafa a ruwa. Ban kai gwiwa ba ya ce in dawo in hau.

Ban gane garinmu ba sai da muka wuce masallaci. Katangu sun narke sun zauna, zaurenmu ya rufta, turmin da muka bari yana juyawa a tsakar gida. Ɗakina saura bango ɗaya. Shuwakar tana nan a bayansa, ruwa ya kai mata ƙugu, ganyen ƙasa duk ya yi rawaya amma samanta kore shar. Kafin in kai hannu dattijon ya tare ni, ya bugi rassan da sandar tuƙi, sai ga maciji ya sulale ya faɗa ruwa. Ya ce duk abin da ya rage a tsaye yanzu masauki ne.

Wannan karon na zaɓa da kyau, yadda na tuna Inna tana yi. Ba sabon tofo ba, ba kuma tsohon da ya yi ɓawo ba, reshe mai kaurin babban yatsa, tsawon kamu ɗaya, mai ido huɗu ko biyar. Na yanki goma sha biyu, na zage ganyen, na jiƙa zanen na naɗe su. A bakin ruwa na ɗebi baƙar ƙasar fadama daidai abin da zan iya ɗauka. Dattijon bai karɓi komai ba, sai ɗan guntun reshe da ya tsinta a cikin jirgi ya sa a baki.

La'asar ta yi kafin in iso gida, ƙafafuna sun kumbura. Yaya yana zaune a ƙofa da mijina. Matar Yaya ta riga ta faɗa masa, don ta ga ba na cikin masu dawowa da itace. Ya yi faɗa mai yawa. Ya ce na raina shi, na raina shela, na ɗauki rai biyu na kai wa ruwa saboda ɗaci. Duk na tsaya na ji, don yana da gaskiya a wasu. Da ya ce in kawo sandunan a sa a murhu sai na ɗaga kai.

“Yaya, an ce mu tashi mun tashi. An ce mu bar gona mun bari, mun bar kabarin Inna a ruwa. Wagga kam ba ni barin ta.”

Ya dubi ƙanensa yana jiran ya yi magana. Mijina mutum ne mai shiru, ni ma ranar ban san ɓangaren da yake ba. Washegari da sassafe na ji ƙarar diga a bayan ɗaki. Mijina ne ya aro ta, yana fasa marmara. Ya haƙa ramuka shida, kowane zurfin gwiwa, ya sa rigarsa ya fita bai dube ni ba.

Na haɗa ƙasar fadamar da tsohon kashin awaki da ya riga ya huce, na cika ramukan, na barbaɗa toka a gefe saboda gara. Kowane rami sanda biyu, a karkace, ido biyu a ƙasa sauran a sama. Na kafa ƙirare na ɗora tsohon asabari don rana, na kewaye da ƙaya don awaki, domin akuya ba ruwanta da ɗaci in ta ga kore. Kwana tara ina leƙawa ban ga komai ba. A na goma wani ido ya fashe. Biyar ne suka kama.

Na haihu da kaka, namiji. A lokacin tsirran ba su wuce gwiwa ba, na san in na zage su za su mutu. Sai na ce a tsinko ganye uku-uku daga kowane, na ƙasa, a haɗa da na kasuwa. Matar Yaya ce ta yi mini miyar, ta ce ko a hannu ta ji bambanci, namu ya fi kumfa.

Wahalar gaske da rani ta zo. Rijiya ɗaya ce a unguwarmu, tana ja da baya kullum, har ya zama guga yana fitowa da laka. Mai unguwa ya sa aka yi shela cewa ruwan rijiya na sha ne da girki da alwala, ba a yin tubali da shi, ba a ba shuka. Ban ga laifinsa ba. Na koma tara ruwan alwala da na ɗauraye hatsi a kwatarniya, ban da mai sabulu, don sabulu yana ƙona saiwa. Bai isa ba. Biyu suka sunkuya, ba su sake tashi ba.

Duk da haka wata maƙwabciya ta leƙo ta kan darni ta ga kore, ta kai ƙara cewa ina shayar da itace da ruwan mutane. Mai unguwa ya aiko, muka je da mijina. Bayan doguwar gaisuwa ya tambaye ni, na rantse masa ko moɗa ɗaya ban ɗiba daga rijiya don shuka ba. Ya ce ya yarda, amma zaman lafiya ya fi, in bar su su bi sauran, in damina ta zo a nemo wasu. Na ce masa, ranka shi daɗe, ba inda za a nemo, uwarsu tana ƙarƙashin ruwa. Na ce daga ranar ko ruwan alwala ba zan zuba musu ba, daga dam zan ɗauko. Ya yi murmushi irin na wanda ya san nisan wurin, ya ce in na iya bismilla.

Tun daga nan, kwana biyu-biyu, nakan goya jariri in ɗauki tulu bayan an karya, in dawo kusa da azahar. Ruwa ya ja baya da rani, sai an taka laka mai nisa kafin a kai inda za a ɗiba. Wata rana wani mai gadi da kakin aiki ya tsayar da ni. Ya ce ruwan nan ba na kowa da kowa ba ne, an tara shi ne don gonakin ƙasa, wajen Talata Mafara da Bakura. Yaro ne matashi, daga jin bakinsa ba ɗan wajenmu ba ne. Na sauke tulu na nuna masa kan kukar da ya fito.

“Ka ga waccan kuka? Ɗakina na dama da ita. Ruwan da ke bisa ɗakina nika ɗiba.”

Ya tsaya yana duban kukar. Na cika tuluna. Da na zo ɗauka ga goyo sai ya kama mini ya ɗora. Bayan haka mun sha haɗuwa, gaisuwa kawai muke yi.

Tulu guda ba ya isar shuka uku a kan marmara in an kwarara shi a sama, kafin ka juya ya bi iska. Dabarar da ta cece ni daga wani tuluna da ya tsage ta zo. Na ga inda na jingine shi kullum ƙasa a jiƙe take, har ciyawa ta fito. Sai na binne shi har wuya a tsakanin ramukan, na riƙa cika shi ina rufewa da sakaina, na shimfiɗa karan dawa a gindin kowace shuka. Ruwan yana tsatsa a hankali can ƙasa inda saiwa take. Daga nan suka daina sunkuyawa da rana. Ina tsinke musu kai duk lokacin da suka miƙe, don su yi rassa maimakon tsawo.

Wuyana ya sankare a ranin nan, tafin ƙafata ya yi faso har yana jini. Mijina ya ce sau ɗaya in huta, na ce in na huta yau gobe ba abin da zan shayar. Ranar Juma'a, da ba ya zuwa ko'ina, sai ya aro jaki ya kawo mini tulu huɗu. Yaya dai bai sake yi mini maganarsu ba, ko a faɗa ko a yabo. Kafin damina ta biyu ya kwashi iyalinsa ya bi masu neman ƙasar noma zuwa wajen Birnin Tudu, don tudunmu ko gero da ƙyar yake kai ƙugu.

Ukun nan sun ga damina. Da ruwa ya zauna suka yi girman da har ni na yi mamaki, da ranin da ya biyo suka yi fure fari-fari, ƙudan zuma ya cika bayan ɗaki. Mata suka fara aiko yara a ba su ganye, ban hana kowa ba, har maƙwabciyar da ta kai ƙara. Amma mai son sanda sai na je da ƙafata na ga ta fasa marmara ta haƙa rami zurfin gwiwa. In ban gani ba ba na yankawa. Wasu sun ce na cika tsanani, sun yi fushi, daga baya suka aro diga.

A shekara ta uku ganye ya fi ƙarfin gida. Na riƙa shanya shi a inuwa, don rana tana kashe masa launi da ƙarfi, in ya taru in bi mota zuwa kasuwar Talata. Wata tsohuwa daga Morai ta tsaya a gabana, ta ɗauki ganye ɗaya ta murza ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta ce wannan ta fadama ce, a wace fadama nake. Na faɗa mata sunan tudunmu. Ta ce kada in yi mata ƙarya da furfurarta, ta san wurin, ko tumfafiya da ƙyar take fita. Na ce ta biyo ni in an tashi kasuwa ta gani da idonta. Ta ce ƙafarta ba ta kai can, amma in zo mata da sanda biyu Talata mai zuwa. Na tambaye ta ko tana da mai haƙa mata rami.