Kafso a Ludayin Kunu

Akwai wani garin magani ruwan ɗorawa da muke aiki da shi a ɗakin bincikenmu na jami'a. Mukan ba ɓeraye shi, bayan kwanaki mu yanko ƙashinsu siriri mu duba a madubin likita. Maganin yakan manne daidai inda ƙashi yake tohowa, ya bar layi mai ƙyalli, da shi muke gane girman da ƙashin ya yi. Duk ranar da na buɗe kwalbar sai in ji ɗacinsa a maƙogwarona, gauraye da kunun tsamiya. Na san maganin nan tun ban san sunansa ba.

A wani ƙauye tsakanin Ƙanƙara da Faskari aka haife ni, lokacin da kuɗin mai suka shigo ƙasa. Mu dai ba mu ga man ba. Abin da muka gani shi ne rediyo, da rufin kwano, da samarin da suka ajiye fartanya suka tafi aikin titi. Kasuwa ma ta sake. Kusa da masu saiwoyi sai ga wani da faranti cike da ƙwayoyi kala-kala, yana tallarsu kamar alewa. Wanda ya fi fita shi ne kafso, rabi ja rabi ɗorawa.

Kakata, uwar mahaifina, ita ke riƙona. Kafin ni ta rasa jikoki biyu, duka ƙyanda ce ta tafi da su. Ina shekara huɗu ta kama ni a ƙarshen bazara. Ƙurajen suka bushe, amma tari ya sauka a ƙirji, numfashi ya koma da ƙyar. Ga ruwa ya sauka, rafi ya raba mu da asibiti. Ƙanen babana mai fataucin hatsi zuwa Sabuwa ne ya zo da kafso ƙunshe a takarda. Kakata ta ɓare ɗaya, ta zazzage a ludayin kunu, ta matse ni tsakanin cinyoyinta ta ɗura mini. Kafin mako ya zagayo ina kukan tuwo.

Daga nan kafso ya samu gurbi a cikin jeren tasoshinta. Mura, kafso. Ciwon ciki, kafso. Kakana malami ne, bai yarda da abin ba.

"Abin da ba ki san mi aka zuba ciki ba, shi kike ta ɗura ma yarinya?"

"Malam, rubutunka ma ban san mi ka rubuta ba, amma ina sha."

Ya koma kan allonsa.

Da na yi famfara, sababbin haƙorana suka fito da launin ƙasa, da zane-zane a gicciye. Kakata ta goge su da gawayi, da toka, da asuwaki har dasashina ya yi jini. Ba su sake ba. Aka ce ruwan rijiya ne, sai dai kowa ita yake sha. Daga ƙarshe magana ta tsaya a kan gado ne daga dangin mahaifiyata. A gabanta ake faɗa, wurin daka da wurin suna, ita kuwa kunyar 'yar fari ta hana ta ko ɗaga kai. A firamare yara suka sa mini suna mai goro. Na koyi dariya da hannu a baki, na kama littafi saboda shi ba ya kallon mutum.

Sai a shekarata ta biyu ina karatun magunguna a Zariya malaminmu ya zo kan wannan kafso. Ya ce ba a ba mai ciki, ba a ba yaron da bai kai takwas ba, domin yana shiga ƙashi da haƙorin da bai gama ginuwa ba. Ya haska hoto a bango. Bakina ne sak. Wadda ke kusa da ni ta waiwayo, ta yi sauri ta kau da kai.

Da hutu na tafi gida da fushina. Kaka ta yi, tsakar gida cike da zangarniyar dawa, na iske kakata tana ɓarar gyaɗa. Na faɗa mata komai. Sai ta ɗago ta ce:

"To da ban ba ki ba hwa?"

"Na farkon wataƙila shi ya cece ni, Iya. Sauran ne ba su yi mini komai ba sai wannan."

Ta kakkaɓe zanenta, ta aika a kira mahaifiyata. A gaban matan gidan ta ce, "Shekara da shekaru mun aza ma danginki abin da ba nasu ba. Ni ce na yi shi da hannuna. Ki yafe mani."

Mahaifiyata ta durƙusa tana cewa, "Haba Iya, haba Iya," hawaye na zuba. Ban taɓa ganin uwar miji ta nemi gafarar suruka ba sai ranar.

Sauran hutun gida-gida ta riƙa ja na. Duk inda akwai mai goyo sai ta ce, "Buɗe ki gwada masu." Ni da na shekara goma sha ina ɓoye baki, sai ga ni ina wangale shi a tsakar gidajen mutane. Tun daga lokacin na san ƙashi zan karanta.

Kakata ba ta ga na gama digirin ƙarshe ba. Yau mai faranti ya zama shagon kemis a kowace kwana, kuma har yanzu ana sayen ƙwaya ba takardar likita. Ƙauyenmu ya ragu, hanyar ba ta biyuwa yadda muka saba, shi ya sa na ɗauko mahaifiyata ta dawo wurina. Ba ta san abin da 'yarta farfesa ke yi da ɓeraye ba, ba ta kuma tambaya. In baƙi suka so jin aikina, ita ke riga ni amsawa: "Karatun da ya wanke danginmu take koyarwa."