Ranar da Na Taka Kan Likita a Tafkin Tsauni

Ni dai tun ina Kano bakina ke jawo mini masifa, kuma da zan taho Landan ban baro shi a gida ba. Direban bas ne ni, kullum ina kai da kawo a Old Kent Road, ina fama da 'yan keke masu neman a kashe su. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, akwai wani ɗan gidan abinci da muke taruwa mu ci tuwo a saki hira, to a nan nake baje kolina. Na sha gaya musu cewa na tsallake madatsar Tiga da iyo, da tiren gurasa a kaina, ko ƙwayar riɗi ɗaya ba ta jiƙe ba. Gaskiyar magana kuwa, ruwa mafi zurfi da na taɓa shiga shi ne kududdufin bayan gidanmu, iyakarsa ƙirji, shi ma iyon kare nake yi, rabi in harba rabi in haɗiye.

Kowa dariya yake yi ya wuce, ban da mutum ɗaya: Likita. Bazazzagi ne, yana aiki a babban asibitin nan na Camberwell, gidansa na Barking. Tsakaninmu wasa ne na Kano da Zazzau, ni in ce masa bawana, shi ya ce mini bawansa, shekara goma sha ba wanda ya 'yanta wani. Sai da furfura ta fito masa ya je ya koyi iyo a wurin wankan ƙaramar hukumar unguwarsu, ni kuwa na samu abin yi.

"Bawa, wannan baho da ake ɗumama muku kamar masu jego, shi ne iyo?"

"Ranar Asabar ba ni da aiki," in ji shi, yana suɗe hannu a nutse. "Zan je hawan tsauni a Wales. Akwai ɗan tafki a sama. Taho ka nuna wa bawanka yadda ake yi."

Mutum takwas ke kallona. Na ce a ƙaddara mun je mun dawo.

Muka tashi bayan sallar asuba, a watan Agusta. Tuƙin awa biyar, sannan hawa. Wallahi sai da huhuna ya leƙo waje sau uku ya ga inda ake kai shi. Da muka ɓullo ta bayan wani ƙaton dutse sai ga tafkin, ɗan mitsitsi, bai fi filin idin ƙaramin gari ba, zaune a tsakiyar duwatsu kamar ruwa a akushi. Ba kwaɗo, ba gansakuka, ba ɗan warin nan da ke sanar da kai ka zo bakin ruwa. Daga baki kana ƙirga tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, taku biyar gaba kuma ya koma baƙi wuluk.

Likita ya fara karantarwa, don Bazazzagi in bai koyar ba ciwo yake yi. Wai ƙanƙara ce ta zauna a nan tun zamanin da ba mutane, ta yi ta gurzar dutsen har ta ƙwaƙule ramin, da ta narke ta bar ruwan. Ya nuna mini kufan wasu ɗakunan dutse a gefe, ya ce masu haƙar tagulla ne suka zauna a ciki, sanyi da talauci suka kore su. Bayansu makiyaya suka riƙa wanke tumakinsu a nan kafin aski. Yanzu kuma sai masu ɗaukar hoto da masu iyo.

"To ruwan da tunkiya ta shiga ta fito," na ce, "shi kake tsorata Bakano da shi?"

Wata tsohuwar Baturiya tana fitowa daga ciki a lokacin, cikin baƙar rigar roba tun daga wuya har idon sawu, da wani balan-balan mai launin ruwan lemo ɗaure a ƙugunta. Ta ga ina tuɓe riga, ta ce in shiga a hankali, in tsaya iya gwiwa sai numfashina ya daidaita, don rana ba ta kai wa ƙasan ruwan nan. Likita ma ya sauke murya ya ce, "Kai, wasa nake yi. Mayar da rigarka, ba wanda zan gaya wa."

Da bai faɗi wannan ba, da na mayar. Na haye wani dutse da ya leƙa kan baƙin wurin, na ce, "Bawa, riƙe wa ubangidanka takalmi," na yi tsalle.

Ba sanyi na ji ba. Duka na ji. Kamar ƙarti goma sun haɗu sun maka mini taɓarya a ƙirji lokaci guda. Bakina ya wage da kansa, ba da izinina ba, ya zuƙi ruwa. Kaina ya sara kamar an kafa ƙusa a tsakiyar goshi. Na taso ina son in yi ihu, maƙogwaro ya ƙulle, sai wani ƙugi irin na ragon da aka yanka. Na miƙa ƙafa neman ƙasa, babu ƙasa. Hannuwana suka zama itace. Na sake komawa ciki.

Sai na ji an taɓa ni.

Mutane suna cewa mai nutsewa ba ya cikin hayyacinsa. Ni ina cikin nawa. Na ga fuskarsa tas, na ga tabon sallar da ke goshinsa, na ji yana cewa in kwanta rigingine. Na san Likita ne. Na caɓe wuyansa da hannu biyu na danna shi ƙasa. Na ɗora gwiwa a kafaɗarsa, na hau shi kamar mai hawan katanga, na kafa dunduniyata a tsakiyar kansa na miƙe. Na samu numfashi ɗaya. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba, kuma ina shan sa ina jin mutum yana mutsu-mutsu a ƙarƙashin ƙafata. Da ya yunƙuro na sake danna shi. Na damƙi kunnensa na ja har na ji abu ya yage.

Can sai ya sulale ƙasa ya ɓace, matakalata ta tafi. Ya ɓullo a gefe, nesa da hannuna, jini na bin wuyansa, yana tari. Ya tsaya yana kallona. Na miƙa masa hannu, bai matso ba. Ruwa ya rufe ni, na taso, yana nan yana kallo. Ya sake rufe ni. A karo na uku hasken sama ya koma kore, ƙafafuna suka daina harbi.

Wani hannu ya zagayo ta bayana ya kama haɓata. Ɗan ƙarfin da ya rage mini na tattara na gartsa masa cizo, har haƙorina ya ci karo da ƙashi. Sai na ji naushi a hanci, ƙwas, irin wanda ake ajiye wa ɓarawon waya. Daga nan ban ƙara gardama ba. Tsohuwar nan ce ta iyo ta miƙa wa Likita balan-balan ɗinta, su biyu suka ja ni kan tsakuwa kamar buhun da ya jiƙe. Na yi ta aman ruwa da haɓo a haɗe, jikina na karkarwa har haƙora na sara harshe. Likita na kwance kusa da ni, kunne a tsage, yatsu biyu a tattaune, leɓɓansa sun yi shuɗi.

A wani ƙaramin asibiti da ke gindin tsaunin aka ɗinke shi, ni aka toshe mini hanci da auduga. Ni na tuƙo mu zuwa Landan, don hannunsa ba ya riƙe sitiyari. Awa biyar, ni da ba na iya shiru ko a layin jana'iza, ban ce uffan ba.

Juma'ar da ta biyo ban je cin tuwo ba. Aka gaya mini Likita ya je da bandeji, ya ce santsi ne ya kwashe mu a kan dutse. Wannan rufin asirin ya fi naushin ciwo. Mako uku ina tuƙa bas, duk lokacin da na taka birki sai in ji kansa a ƙarƙashin dunduniyata. Shi yana zaton gigita ce ta sa ni. Ni kaɗai na san ba haka ba ne, kuma na san in na faɗa, mai yiwuwa ƙofar gidan nan ta rufe mini har abada.

Ranar wata Lahadi na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na nufi Barking. Matarsa ce ta buɗe, ta dube ni sama da ƙasa.

"Alhaji, an ci abinci kuwa? In ba a ci ba in zuba, kada a fara da yatsun mijina."

Na yi yaƙe. Ta kawo shayi ta ba mu wuri.

"Likita," na ce. Ya ɗago da sauri, don rabon da in kira shi haka shi kaɗai, ba bawa, har na manta. "Ranar nan, ban gigice ba. Na gane ka. Na san kai ne na taka."

Ya daɗe yana juya cokali da hannun hagu.

"Na sani," ya ce. "Idonka na cikin nawa."

"To?"

"To ni ma da na koma gefe, ka san me nake yi? Jira nake ka sha ruwa ka yi laushi, haka aka koya mana. Amma ka yi laushin tun a nutsewa ta biyu, na gani. Ta ukun ni na ƙara maka. Haushi nake ji. Har na dubi bakin tafkin na auna nisansa ni kaɗai." Ya ajiye cokalin. "Mako uku ke nan ina neman bakin da zan gaya maka."

Yaransa na can sama suna faɗa da Turanci a kan rimot.

"Wato saura ƙiris ka bar ubangidanka ya mutu," na ce.

"Saura ƙiris. Sai na tuna wahalar sauko da gawar Bakano daga tsauni, ga tumbi." Ya turo mini faranti da lafiyayyen hannun. "Ɓare mini lemon nan, bawa. Kai ka cinye yatsun da zan ɓare da su."

Na ɗauki lemo na fara ɓarewa.