Gashin Bakin Don Hilarión

A duk unguwarsu da ke saman birnin La Paz ba wanda bai san gashin bakin Don Hilarión Apaza ba. Baƙi wuluk, murɗaɗɗe, kowane gefe ya tashi kamar ƙahon rago. Matarsa Doña Felisa takan ce ita gashin bakin ta aura, mutumin gyara aka yi mata.

A ɗakin binciken wata jami'a yake aiki. Yakan tatso furotin daga dankalin manoma, ya narkar, ya ɗiga a kan wani ɗan faranti da bai fi farcen babban yatsa ba, ɗigon da ko ƙuda ba zai jiƙa ƙafa da shi ba. In ya bushe sai a zura farantin cikin na'ura, ta auna nauyin gutsattsarin, ta faɗi sunan furotin ɗin. Ya daɗe yana wannan ɗige-ɗige, hannunsa bai taɓa rawa ba.

Sanyin bana na shigowa sai na'ura ta tsiro da rashin mutunci. A ba ta dankali, ta ce gashi ne. A wanke komai a sake ba ta, ta ce gashi dai. Kai, abin har ya zama abin kunya!

Shugabar ɗakin, Dakta Yolanda Ticona, ta tsaya tana kallonsa. Ba idonsa take kallo ba, ƙasa kaɗan.

"Don Hilarión, da girmanka da komai, amma abin nan naka ne ke zuba."

"Haba Dakta! Ai da takunkumi nake aiki."

"Yana leƙowa ta gefe. Manoma na jiran a faɗa musu abin da ke cin dankalinsu. Ko dai shi, ko aikin."

Ranar ko saltenya, ɗan burodin nan mai nama a ciki da ya saba ci da hantsi, kasa haɗiyewa ya yi. Ya je wurin wanzami, ya rufe ido, hawaye na bin kumatunsa. Da ya isa gida Felisa ta buɗe ƙofa ta dube shi sama da ƙasa.

"Bawan Allah, maigidan ba ya nan."

"Ni ne, Felisa."

"Wayyo ni! Ashe haka leɓenka yake? Da na sani da tun farko na yi shawara."

Washegari ya ɗiga samfurinsa da leɓe fayau, aka zura. Na'ura ta ce gashi.

Sai a lokacin Dakta ta tuna ta tambayi na'urar gashin wace halitta ce. Amsa ta fito, alfaka, dabbar nan ta ƙasarsu mai kama da ɗan raƙumi da ake saƙa da gashinta. Kowa ya juyo ya zuba wa hannun Don Hilarión ido, inda bakin rigar sanyi ke leƙowa daga ƙarƙashin farar rigar aiki. Felisa ce ta saƙa masa ita da ulun alfaka, don ta ji an ce ɗakin na'ura ya fi waje sanyi.

Dakta ta ba shi haƙuri har da dafa ƙirji, amma haƙuri ba ya tsirar da gashi. Tun daga ranar yake tuɓe rigar a bakin ƙofa, ya yi aikinsa haƙora na kaɗawa. A gida kuwa bai ce uffan ba, don ya san in Felisa ta ji rigarta ce sila, ba za ta yafe wa kanta ba.

Ita kuma tausayin leɓen nan da ke shan iska tsirara ya hana ta sakat. Ran Litinin yana shirin fita ta tare shi, ta naɗa masa sabon mayafin wuya har hanci, wanda ta saƙa da sauran ulun nan dai.

"Kada ka kuskura ka cire shi a wurin aiki," in ji ta.