Sandar Malam a Tukunyar Tuwo

Ban yi boko ba. 'Yata ce ke rubuta wannan, kuma na gargaɗe ta kada ta sassauta mini kalma ko ɗaya.

Mijina, Malam, ɗan wasan kurket ne. A Sakkwato in ka faɗi haka, sai a dube ka kamar ka yi wani yare. Wasa ne na jifa da bugu: wani ya jefo ƙwallo mai taurin dutse, wani ya make ta da sandar katako mai faɗi. Yawancin 'yan wasa ɗaya suka iya. Malam ya iya duka biyu, shi ya sa aka ɗauke shi ya yi wa ƙasa wasa, ya hau jirgi zuwa garuruwan da ban iya kiran sunansu ba. Ya dawo da yatsu biyu a karkace, da gwiwar da ta sa ya ƙare rayuwarsa yana salla a zaune. Danginsa na Ƙofar Marke kuwa abin da suka sani kawai shi ne, "Ƙato da gemu shina bin ƙwallo."

Kofunan da ya ci da hotuna duk sun tafi a daminar da ɗakinmu na Gawon Nama ya faɗi. Sandar kaɗai ta tsira. Duk Juma'a yakan shafe ta da mai, ya jingine ta bayan ƙofa. Da ciwon ajalinsa ya tsananta, ya ce mini wani abokin wasansa zai zo daga kudu ya karɓe ta, a rataye ta a filin da ake koyar da wasan. "Amana ce," in ji shi. "Kada ruwa shi taɓa ta." Na ce to.

Ranar sadakar uku ina ɗaka cikin takaba, mata sun cika tsakar gida. Sai na ji muryar yayar Malam: "Kai, Allah shi yi ma wanda ya sassaƙa wagga muciya albarka!" Na leƙa. Ga babbar tukunyar tuwon sadaka bisa murhu, ga sandar Malam a ciki har wuya, mata biyu suna karɓa-karɓa wajen tuƙi.

Na fito ko mayafi babu.

"Yaya, mi kunka yi?"

"Tuwo munka yi. Muciyarki ta yi kaɗan, munka ga wagga bayan ƙofa."

"Sandar ƙanenki ce!"

"To ba icce ba ne? Yau dai ta yi aikin lada. Koma ɗaka, mai takaba ba ta ɗaga murya."

Na fizge sandar, tuwo ya ƙone ni, tabon yana nan a hannuna. Na goge ta na shanya a inuwa. Kafin kwana biyu fuskarta ta tsage daga sama har ƙasa, tuwo ya bushe a cikin tsagar.

Yayar nan ita ta goya Malam. Tun yana saurayi take ganin sandar a hannunsa, ba ta taɓa tambayarsa yadda ake riƙe ta ba. Ni kuma da aka bar wa amana, me ya hana ni tura ta ƙarƙashin gado? Wannan ne yake sa ni kuka har yau.

Abokin ya iso bayan arba'in, tsoho ne Kirista, yana dogara sanda, Hausarsa kaɗan-kaɗan. Tun da safe yayar Malam ta aiko wai a ce masa gara ta cinye sandar, kada a kunyata dangi gaban baƙo. 'Yata ta ce a kankare a liƙe. Na ƙi duka. Na miƙa masa sandar daga bayan labule yadda take.

Ya juya ta, ya sa farce a tsagar. "Hajiya, mene ne wannan fari?"

"Tuwon shinkafa ne. Danginsa suka tuƙa da ita."

Ya shafa tsagar da tafin hannunsa. Can ya share ido, ya ce akwai masu gyara a garinsu.

Na ce, "Yallaɓai, in za ka rataye ta, rataye ta haka, duk wanda ya tambaya a gaya masa. In kankarewa za a yi, bar mini kayana."

Ya cire hularsa, ya ce ya yi alkawari. Ya naɗe ta a zanen da na ba shi, ya tafi. Tun ranar yayar Malam ba ta sake tako gidana ba, ni ma ban aika a gaishe ta ba.