Saukar Kakata Daga Dutse

Unguwarmu a kan dutse take, can bayan Utaibiyya, kuma wallahi in ka iya kallo, tarihinta duk yana jikin matakala. Ba a makaranta na koya ba, tsofaffi na dama da tambaya. Waɗanda suka zo hajji a ƙafa suka zauna, su ne a gindin dutsen. Na jirgin ruwa, da suka sauka ta Jidda, suka yi gini a samansu. Mu 'yan jirgin sama muna can ƙololuwa, inda ko akuya sai ta huta. Kowane gida shi ya gina matakalar ƙofarsa, wata siminti, wata baƙin dutse, wata ma tayoyi ne aka cika da ƙasa.

Mota ba ta hawa. In aka yi rasuwa a sama, mazan kowane gida ke karɓar makara a bakin matakalarsu, don su suka san inda take da santsi, su miƙa wa na ƙasa da su, har titi, a wuce Harami.

Sai rusau ya faro daga ƙasa. Jan fenti a bango, kalma ɗaya ta Larabci: izala, wato a rushe. Gidajen 'yan ƙafa suka tafi, na jirgin ruwa suka fara bi. Kullum injin fasa dutse na bugu, shayi na rawa a cikin kofi. Muka fara hango titi daga tagarmu, abin da ba mu taɓa yi ba.

Kakata ta wajen uba ta daɗe ba ta sauka, gwiwoyi sun ƙi. Baffana ya kama mana gidan haya a unguwar Shisha, ta ce ba inda za ta.

"Hajiya, can akwai lif," na ce.

"Kai, mijin banza, so kake ka sake ni a akwatin ƙarfe? A kafaɗar maƙwabta zan sauka."

Sai tsohon da ke maƙwabtaka da mu ya rasu. Mu kaɗan muka ɗauko shi. Muna wuce ƙofofi, babu mai fitowa. A tsakiyar dutsen matakala ta ƙare, an yanke ta kamar da wuƙa.

Da na dawo kakata ta kalli ƙurar da ke rigata.

"Wa ya karɓe shi a ƙasa?"

"Babu kowa, Hajiya. Da igiya muka zura shi."

Ta jima tana murza gwiwarta. Injin bai daina ba.

"Yalla, kira baffanka. Ba za a zura ni kamar guga ba."

Washegari ta sauka da ƙafarta ta hanyar awaki, tana dafe da ni. Duk kangon da muka wuce sai ta yi sallama, ta ɗan jira.