Naman Araha da Na Ciyar da 'Yata Mai Jego

Ni tela ce a Sabon Layi, nan cikin Mubi. A lokacin da abin nan ya faru, ina ɗaukar kaina macen da ba a cutarta a kasuwa. Maigidana ya yi ritaya daga aikin ƙaramar hukuma, fansho kuwa wata ya zo, wata bai zo ba, don haka cefanen gida kusan duk a kan keken ɗinkina yake. Na iya ciniki, har matan layinmu idan za su sayi abu mai tsada ni suke ja mu tafi tare, saboda sun san bakina. Wannan yarda da kai ita ta kai ni ta baro. Na daɗe ina jin nauyin faɗin labarin, amma na ga gara in rubuto muku, ko wata za ta kauce wa ramin da na faɗa.

Kowa ya san yadda naman shanu ya koma a 'yan shekarun nan. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, a garinmu ake lodin shanu tirela bayan tirela ana wucewa da su kudu a gaban idonmu, mu kuma sai kallo. Akwai wani dattijo mahauci da nake sayen nama a wurinsa tun ina amarya. Duk mako sai in ga kashin da yake ba ni ya ƙara ƙanƙancewa. Idan na yi magana sai ya ce saniyar ce ta yi tsada tun daga hannun makiyayi, ga kuɗin mota, ga fatake masu kaiwa kudu suna ɗaga farashi. Ni kuwa ban yarda ba. Na sa a raina cewa ya ga na saba da shi ne yake yankar kaina. Na fara sa ido a sikelinsa, ina kallon yatsunsa idan yana awo. Wata rana a gaban mutane na ce masa sikelin nan nasa yana bukatar a bincike shi. Abin da ya ce min kawai shi ne, Allah ya huci zuciyarki. Daga ranar na daina zuwa teburinsa.

Ana cikin haka babbar 'yata ta dawo gida haihuwar fari, ta sauka lafiya, aka samu ɗa namiji. Duk uwar da ta taɓa riƙon mai jego ta san abin da ake nufi. Ga ruwan wanka safe da yamma, ga kunun kanwa, ga farfesu da ba a so ya yanke, don jiki ya koma kuma nono ya zo. Mijinta malamin makaranta ne, ya kawo kauri da abin da ya sawwaƙa, amma kafin suna ya zagayo an cinye. Ni kuma babban abin da nake gudu shi ne dangin miji su zo barka su ga 'yata ta rame, a koma ana cewa uwarta ta kasa riƙe ta.

A wannan tsakanin ne wata da ke kawo min ɗinki ta ba ni lambar wani mutum, ta ce yana kawo nama har gida a kusan rabin kuɗin kasuwa. Na kira shi, washegari da hantsi sai ga shi a keke napep da babbar kula. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, tsaf da shi, ga bakin zaƙi, bai kira ni da komai ba sai Dada, wato uwa da Fulatanci. Ya ce a wurin lodin shanu yake aiki, wai idan saniya ta karye wajen hawa mota ba za ta kai kudu ba, sai mai ita ya sa a yanka nan take a sayar da hasara. Na tambaye shi wa ke yankawa, ya rantse cewa malami ne, da bisimilla da komai. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma na sayi kaɗan don gwaji. Wallahi naman nan na farko babu abin da za a ce da shi, ja wur, ga maiƙo. Na biyu ma haka. Sai na ce ashe dai dattijon nan cutata yake yi duk shekarun nan. Na tara mata biyar na layinmu, na ce mu riƙa haɗa kuɗi kamar watanda, ya kawo cinya guda mu raba. Saboda ni na kawo maganar, ba wadda ta tsaya tambaya.

Mutum ɗaya ce ta ƙi shiga, maƙwabciyata da katanga ta raba mu, 'yar Michika, wadda ta yi aikin jinya shekara da shekaru kafin ta ajiye. Mun fi shekara goma sha biyar tare, ita ke kawo mana tuwon Kirsimeti, ni ke kai mata naman layya. Ranar da aka kawo na uku ta shigo ta tarar muna rabo a tsakar gida. Ta ɗauki tsoka ɗaya ta juya, ta sansana, ta tambaye ni ko mutumin ya taɓa kawo hanta ko huhu. Na ce a'a. Ta ce kai fa, ko ƙafa, ko fatar? Na ce shi tsoka zalla yake kawowa. Ta ce a saninta ciwon dabba a hanta da huhu yake bayyana, kuma duk wanda yake ɓoye su kullum akwai abin da ba ya so a gani. Ta ƙara da cewa naman da ya bi ta mayanka likitan dabbobi yakan duba shi, wannan kuwa wa ya duba?

Maimakon in ji, sai na juya zargin kanta. Na ce a raina ko dai haushi take ji don ba ita ta samo hanyar ba, ko kuma dattijon mahaucin ne ya turo ta, tunda ita ma wurinsa take saye. Alhali ni kaina na ga abubuwan da suka isa su tsayar da ni. Lambar wayarsa ta canza sau biyu cikin mako biyu. Na ce ina so in je in ga wurin da ake yankan, ya ce ba a barin mata su shiga. Kullum da mai keke daban yake zuwa, kuma ba ya yarda ya zauna ko ruwa ya sha. Duk na gani, duk na kawar da kai, saboda araha ta rufe min ido.

Kwana goma sha biyu bayan suna ya kawo wanda ya zama ajalin zaman lafiyata. Da na buɗe kular na ga naman ya yi duhu, jini ya daskare a cikin tsokar kamar bai tsiyaye ba. Ya ce tsohon sa ne, shi ya sa. Da na ɗora a wuta sai wani wari ya taso kamar na maganin allura. Na zubar da ruwan farko, na wanke da lemun tsami, na zuba citta da kanumfari da masoro har sai da yaji ya danne komai. 'Yata ta kai loma biyu ta ce, Mama, naman nan da ɗaci-ɗaci. Na ce bakinta ne na jego, ta daure ta ci don yaron ya samu nono. Na zauna a gabanta har ta shanye romon. Wannan zaman da na yi shi ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Washegari kafin azahar ta fara amai da gudawa, jikinta ya yi zafi rau, ko jaririn ba ta iya ɗagawa. Maigidana ma ya kwanta, haka gidaje uku cikin biyar ɗin nan. Wadda na zarga ita ce ta fara shigowa da gudu, ta duba idon 'yata, ta ce maza a nemo mota. A asibiti likita ya tambayi abin da ta ci, na ce tuwo ne da kunu kawai, don kunya ta hana ni faɗi. Maƙwabciyata ta kama hannuna ta ce, “Maman yara, faɗa masa gaskiya. Ran yarinyar nan ya fi kunyarki.” Nan na fashe da kuka na faɗi komai. Kwana shida 'yata ta yi ana ƙara mata ruwa. Allah ya tashi kafaɗunta, sauran ma duk suka warke, amma nononta ya ɗauke, bai dawo yadda yake ba, sai da madarar gwangwani aka ƙarasa rainon yaron.

Mutumin kuwa ko sama ko ƙasa. Lambarsa a kashe, wadda ta haɗa mu ta ce ita ma a hanya ta san shi. Maigidana da ya ji sauƙi ya je wurin lodin shanun ya yi ta kwatance, ba wanda ya taɓa ganinsa. Da ƙyar na ja ƙafata zuwa teburin dattijon nan. Ya riga ya ji labari. Ya ce min akwai shanun da ke mutuwa a cikin mota saboda cunkoso, akwai waɗanda ciwo ke kashewa bayan an yi ta ɗura musu allura, a ja su a yar a bakin mayo, wato rafi. Wasu marasa tsoron Allah su ke bi su feɗe, su fara jawo mutum da nama mai kyau, in ya saki jiki su kawo masa wancan. Ashe mushe na dafa da hannuna na ba 'yata. Na nemi gafararsa a kan maganar sikeli, ya ce ya yafe tun ranar, ya kuma ce da na faɗa masa ina da mai jego da ya riƙa ajiye min ƙashi da ƙafa a farashi mai sauƙi.

Surukina bai yi min rashin kunya ba, amma bai bari ta cika arba'in a gidana ba, ya zo da yayarsa suka tafi da ita. Cikin matan nan biyar akwai wadda har yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma ban ga laifinta ba, domin yaranta biyu ne suka kwanta saboda ta yarda da ni.

Yanzu na san cewa rashin nama a miya ba abin kunya ba ne. Muna yin watanda har gobe, amma sai mazanmu sun je sun ga saniyar a tsaye da ƙafarta, an kai ta mayanka an duba, sannan a raba har da kayan ciki a gaban kowa. Idan babu hali, ina sayen kai ko ƙafa ko tumbi, ƙashi ma yana ba da romo mai kyau. Wata rana busasshen kifi ne, wata rana wake ko awara, kuma ba wanda ya rame a gidana.

Kirana ga 'yan'uwa mata, musamman masu riƙon mai jego ko mara lafiya, shi ne duk naman da aka biyo ki da shi har gida a farashin da ya saɓa wa hankali, ki tambayi inda aka yanka, ki nemi ganin hantarsa. In an fara kame-kame, ki rufe ƙofarki. Kuma ki lura da inda kike ajiye zarginki. Ni na zargi mutumin da na sani shekara talatin da maƙwabciyar da ke son alherina, na bar wanda ban san ko sunan unguwarsu ba. 'Yata ta ce ta yafe min, na kuma yarda. Sai dai har yau idan ta zo gida na zuba mata abinci, takan ci tuwon da miyar, ta tura naman gefen kwano, ni kuma ba na iya tambayarta dalili.